Kabarin Mijina Ya Ce A Kori Mutumin Da Ke Neman Aurena

Anti Lurleen,

Don Allah ki taimake ni, domin na rasa wanda zan kai wa wannan magana a garin nan ba tare da ta isa gidan rediyo kafin in dawo gida ba. Zan ɓoye sunana kamar yadda kowa ke yi a filinki, ko da yake ɓoyon banza ne. Duk wanda ke zaune tsakanin nan da iyakar Alabama ya san kabarin da zan yi magana a kai, wasu ma sun ɗauki hoto a gefensa.

Na kusa shekara saba'in. Mijina Harlan ya rasu bara waccan, bayan mun yi zaman aure fiye da shekara arba'in. Makanikin tarakta ne, mutumin kirki, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Duk muryarsa ya tanade ta ne don ƙungiyar ƙwallon jami'ar garinmu, Alfadaran Pickensford, masu buga ƙwallon nan ta Amurka da ake jefawa da hannu ko a rungume ta a ruga da gudu. Bai taɓa shiga aji a jami'ar ba ko na yini ɗaya, amma idan ya ce "mun sha kashi" sai ki rantse shi aka tattake a fili.

A shekarunsa na ƙarshe Harlan yana da abokin gaba guda ɗaya a duniya: Koci Wendell Purifoy, wanda ke tsara wa ƙungiyar yadda za ta kai hari. Ba su taɓa haɗuwa ba. Laifin Purifoy shi ne, duk lokacin da aka zo yunƙuri na uku cikin huɗun da ake ba ƙungiya don ta matsa gaba da ƙwallo, ga tafiya mai nisa a gaba, kowa a filin har da mai sayar da dafaffiyar gyaɗa ya san jefa ƙwallo ya kamata a yi, shi sai ya sa yaro ya rungume ta ya kutsa ta tsakiya, inda ƙattin abokan hamayya ke tsaye suna jiransa. Kowace Litinin Harlan zai kira shirin rediyon masoya ƙwallo ya faɗi wannan magana. Har mai gabatar da shirin ya daina tambayarsa lafiya, sai dai ya ce, "Harlan ne a layi, bari in je in haɗa kofi."

Da ciwo ya ci ƙarfinsa a asibiti, ya kira ni da ɗanmu Hoyt, ya riƙe hannuwanmu. Na ɗauka zai faɗi irin maganar da mace ke jira shekara arba'in. Sai ya ce, "Na riga na ba da aikin dutsen kabarina. Ku yi mini alkawari ba wanda zai taɓa shi." Muka yi alkawari muna kuka. Wa zai yi gardama da mai barin duniya a kan dutse?

Sai bayan watanni aka kawo dutsen aka kafa shi a maƙabartar majami'armu. Irin mai faɗin nan ne na mata da miji. A hagu sunansa. A dama sunana, da shekarar haihuwata, da ɗan fili da aka bar mini. A ƙasa kuma, inda mutane ke sa aya daga Littafi Mai Tsarki, an sassaƙa manyan haruffa daga wannan gefe zuwa wancan: KU KORI PURIFOY.

Anti, na zauna a kan ciyawa. Hoyt kuwa ya cire hularsa ya ce bai taɓa ganin abu mai kyau irin wannan ba.

Abin da ya ƙara dagula al'amarin shi ne, a Asabar ɗin da ta biyo baya aka lallasa Alfadarai ba su ci ko maki ɗaya ba, washegari jami'a ta sallami Purifoy. Nan take gari ya ɗauka cewa Harlan ne ya yi aikin daga inda yake. Tun daga lokacin ban sake samun kabarin mijina ni kaɗai ba. Mutane na zuwa daga jihohi masu nisa, kowa da sunan kocin da ya ishe shi, su ajiye hula ko ƙullin gyaɗa su shafa dutsen. Wani mutum daga Arkansas ya durƙusa ya yi ta karanto wa Harlan sakamakon wasanni kamar mai kai ƙara kotu. Wata mata ta zo da sunan shugaban wurin aikinta, ta tambaye ni ko marigayin yana karɓar abin da ba na ƙwallo ba. Fasto Gaither ya yi wa'azi mai zafi a kan camfi, kowa ya sunkuyar da kai. A makon nan na same shi tsaye a gaban dutsen yana magana ƙasa-ƙasa, da ya gan ni ya ce ciyawa yake dubawa. Kowa ya san ra'ayinsa game da kocin masu tsaron baya.

To ga inda tawa matsalar ta fara. Purifoy bai bar gari ba. Ashe matarsa tana kwance a wannan maƙabartar, 'yan layuka kaɗan sama da Harlan, kuma duk wanda zai je wurinta dole ya bi ta gaban dutsenmu. Wata safiya na zo da furanni na tarar da wani dogon dattijo a durƙushe, gwiwoyinsa na ƙara, ya tsince ɓawon gyaɗar da baƙi suka zubar, yana goge kashin tsuntsaye daga cikin haruffan da tsohon buroshin haƙori. A talabijin kawai na san shi, kuma kullum da abin sauraro a kunne yana harara, don haka sai da ya miƙe na gane shi. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Ya cire hula ya ce, "Madam, ki yi haƙuri, na ga ya yi datti ne. Kuma ki ga, an rubuta sunan daidai. Jaridar garin nan ba ta taɓa rubuta shi daidai ba."

Ban san abin da ya hau kaina ba. Maimakon in ba shi haƙuri, sai na ji bakina ya ce, "Koci, don Allah me ya sa kullum ta tsakiya?"

Ya kalli sama, sannan ya ce, "Madam, ni dai ban yarda da iska ba."

Na yi dariyar da ban yi ba tun rasuwar Harlan, a kan kabarinsa, Ubangiji ya yafe mini.

Lahadin da ta biyo baya sai ga shi a majami'armu, a bencin ƙarshe. Ta gaba ya matso benci ɗaya. Haka ya riƙa yi kowane mako, ba ya tsallake ko ɗaya, ba ya kallon hagu ba ya kallon dama, duk jama'a na gani kuma kowa ya san inda ya nufa. Matan ƙungiyar mawaƙa har lissafi suke yi masa. Ranar da ya iso bencin da nake zama, ya tambaye ni ko wurin nan da kowa, alhali jakata ce kawai a kai. Daga nan ya fara kawo mini kuɓewa daga lambunsa. Ni kuma kuɓewa ta yi yawa, sai na soya ta da tarwaɗa da wainar masara na ce ya zo ya taya ni ci. Yanzu kusan kowace yamma muna zaune a baranda da shayi mai ƙanƙara. Ba shi da yawan magana. Ya gyara mini ƙofar da Harlan ya yi shekaru yana cewa sai bayan kakar wasa. Yana jin labarin Harlan ba ya gajiya, har ya ce ya san muryarsa, don yakan saurari shirin a mota yana cin abincin rana, kuma a ganinsa duk cikin masu zaginsa Harlan ne kaɗai yake kallon wasan da gaske.

Makonni kaɗan da suka wuce ya nemi aurena. Bai yi kwana-kwana ba. Ya ajiye kofinsa ya ce, "Madam, ina so in aure ki, idan ba damuwa." Na ce ya ba ni lokaci.

Kafin ki ce ai abin farin ciki ne, ki ji sauran. Wanda aka ɗauko ya maye gurbinsa, Koci Tolliver, yaro ne matashi mai gyaran gashi, shi kuma bai yarda da ƙasa ba. Ko taku ɗaya ya rage sai ya sa a jefa ƙwallo sama, kuma yawanci abokan hamayya ne ke cafe ta. Bana wasa biyu kawai muka ci. Gari ya rabu. Wasu sun zo gidana da mai sassaƙa dutse, wai in ba su izini a ƙara DA TOLLIVER a ƙasa, akwai sauran fili. Wasu kuma sun ce Harlan ya yi kuskure, a dawo da Purifoy. Wata safiya muka tarar an ɗauki jan fenti an rubuta KADA a gaban rubutun. Washegari wani ya goge shi, jibi ya dawo. Rigimar ta kai har wasu dattawan majami'a biyu sun daina gaisawa.

Hoyt ya gaji mahaifinsa a komai. Shi ke kiran rediyo yanzu ranar Litinin, a daidai lokacin da Harlan ke kira. Ya sayi kujerar naɗewa, da ya tashi daga aiki sai ya je ya zauna gadin dutsen da sanda a hannu, mutum ɗan shekara arba'in mai mata da 'ya'ya. Da na gaya masa maganar auren, ya yi fari fat. Ya ce, "Mama, ki auri duk wanda kika ga dama. Ki auri alƙalin wasa ma, zan daure. Amma wannan mutumin shi ya kashe Baba." Na ce masa likita ya ce zuciya ce. Ya ce, "To wa ya ɓata zuciyar?" Tun ranar bai taka gidana ba, kuma ya hana jikokina zuwa cin abincin Lahadi. Wannan ne ke hana ni barci, ba dutsen ba.

Kamar duk wannan bai isa ba, babban kocin ƙungiyar, wanda sauran ke aiki a ƙarƙashinsa, ya kira Purifoy a waya, wai za a sallami Tolliver, ko zai dawo bakin aikinsa. Purifoy ya ce mini duk abin da na ce shi zai yi. Idan na ce ya koma, zan zama matar kocin kai hari, in zauna a filin wasa ina jin dubban mutane suna ihun abin da ke rubuce a ƙarƙashin sunana. Idan na ce kada ya koma, rabin gari za su ce ni na hana Alfadarai tashi. Sannan ki yi tunani, Anti: idan na aure shi sunana ya koma Purifoy, ran da aka kwantar da ni a gefen Harlan, wa dutsen yake cewa a kora?

Akwai kuma abin da ban gaya wa kowa ba. Na ɗauko tsofaffin wasannin da Harlan ya naɗa, don in fahimci mutumin da ke neman aurena. Anti, Harlan yana da gaskiya. Na tsinci kaina a tsaye a falo, da cokali a hannu, ina yi wa talabijin ihu, "Jefa mana, Wendell!" Ina son mutumin nan, ina jin daɗin zama da shi, amma wallahi bai iya yunƙuri na uku ba. In gaya masa? In aure shi? In sa a kankare dutsen in karya alkawari? Ya zan yi da ɗana?

Taki cikin ruɗu,
Mai Rabin Dutse

*

'Yar'uwa Mai Rabin Dutse,

Bari in fara da gaskiya: ni 'yar ɗaya jami'ar ce, wadda ke lallasa ku kowace shekara, kuma mu a wajenmu Koci Purifoy mutum ne mai daraja ƙwarai. Ranar da kuka kore shi mun yi jimami. Ki sa wannan a ma'auni yayin da kike karanta shawarata.

Kin haɗa matsaloli da yawa a tukunya ɗaya, shi ya sa kike ganin ba su dahuwa. Mu raba su.

Alkawarin da kika yi wa Harlan a kan dutse ne, ba a kan zuciyarki ba. Ya ce a kori Purifoy, an kore shi. Mutane ƙalilan ne ke samun biyan bukata da sauri haka, a raye ko a mace. Bai ce kada a ci kuɓewarsa ba, bai ce kada a aure shi ba. Don haka ki bar dutsen yadda yake, tunda kin yi alkawari kuma wanda abin ya shafa da kansa yake wanke shi. Ba za a ƙara Tolliver ba, ba za a ƙara kada ba. Ki je wurin Fasto Gaither ki ce kina so a kewaye kabarin da ƙaramin shinge, a kuma sanar cewa marigayi ya daina karɓar ƙorafi. Ina jin faston zai yi saurin amincewa idan kika ambaci yadda yake kula da ciyawa. Maganar inda za a kwantar da ke kuwa, ba ta gaggawa ba ce. Kina soya tarwaɗa, kina yi wa talabijin ihu, alamu sun nuna da sauranki. Idan lokacin ya matso, mai sassaƙa dutse zai iya raba naki gefen, ko ki bar shi haka masu wucewa su yi ta mamaki.

Hoyt ne ainihin aikin, kuma a nan ina so ki sassauta masa. Abin da yake yi wauta ce, hana ki ganin jikoki kuma zalunci ne, ki faɗa masa haka ƙarara. Amma ki duba abin da ke ƙasa. Akwai iyaye maza da ba su iya cewa "ina son ka" ba, sai dai su ce "zo ka ga abin da wannan kocin ya sake yi." Ina kyautata zaton duk hirar da Hoyt ya taɓa yi da mahaifinsa a kan Purifoy ce. Idan Purifoy ya zama mutumin kirki mai gyara ƙofa, to me ya rage masa na uba? Wannan yake gadi a kan kujerar nan. Ki je ki same shi a can, ki kai masa abinci, ki zauna. Ki ba shi labaran mahaifinsa da ba su shafi ƙwallo ba, na san kina da su da yawa waɗanda bai taɓa ji ba. Ki kuma gaya masa cewa kin kalli wasannin kin ga babansa yana da gaskiya. Zai ji daɗin wannan fiye da yadda kike zato. Bayan haka ki haɗa shi da Purifoy su biyu a teburinki, ki ce Hoyt ya tambayi duk abin da ke cinsa, wasa bayan wasa, ke kuma ki shiga kicin ki rufe ƙofa. Mutumin da ya yi shekaru yana sauraron zagin kansa a rediyo yana cin abinci ba zai karye don yaro ɗaya ya ɗaga murya ba. Ba na ce za su fito rungume da juna ba. Amma da wuya ka ci gaba da ƙin mutum da irin wancan zafin bayan ka miƙa masa gishiri.

Batun komawa aiki, ki cire hannunki. Na san da kyakkyawar niyya ya ce duk abin da kika ce, amma kaya ne ya ɗora miki. Idan kika zaɓa masa, duk wasan da aka rasa a kanki zai ƙare, a gari da kuma cikin gida. Ki ce masa aikinsa ne, shi zai yanke. Sai dai kina da haƙƙin sanin abu ɗaya kafin ki amsa aurensa: mutumin da kika sani Purifoy ne marar aiki, mai lambu da lokacin zaman baranda. Purifoy mai aiki ba ya gida daga ƙarshen zafi har Kirsimeti, kuma idan ya dawo jikinsa ne kawai ya dawo. Ki tambaye shi yadda marigayiyar matarsa ta yi da waɗannan watanni, ki saurari amsar da kyau. Ki kuma tambayi kanki, ke kaɗai, ko sonsa kike yi ko kunyar abin da dutsen ya yi masa ce ke damunki. Daga yadda kika rubuta wasiƙar nan ni na san amsar, amma ke ya kamata ki faɗe ta.

Sannan ki gaya masa ra'ayinki a kan yunƙuri na uku, tun kafin ɗaurin aure. Kin yi shekara arba'in da mutumin da ba ya ɓoye ra'ayinsa ko a kabari, kada ki shiga sabon gida da naki a ƙunshe. Idan ya yi fushi, kin koyi abu mai amfani da wuri. Idan ya yi dariya, ko ma ya tsaya yana kare kansa har shayi ya huce, to kun sami abin hira na sauran rayuwarku.

In kin gama waɗannan, kada ki ja shi da nisa. A shekarunku, ke da shi, dogon jira ba dabara ba ce. Mutum ne mai haƙuri, amma gwiwoyinsa sun fara gajiya, kuma kaɗaici ba ya ƙara wa kowa lafiya.

Ubangiji ya jiƙan Harlan, ya sanyaya zuciyar Hoyt, ya maido miki da jikokinki teburin Lahadi. Ke da Wendell kuma, ya ba ku zaman lafiya da tsawon kwana. Alfadarai kuwa, ki yafe ni, addu'ata ba ta kai can ba.

Taki,
Anti Lurleen